Babi na Shida: Wa Ke Sauraron Kukan Mai Buga Wasa?

Duk wanda ya taɓa buga wasan bidiyo na tsalle-tsalle ya san wannan takaicin. Ka iso bakin rami, ka danna tsalle, kana da yaƙinin ka danna, amma jarumin naka ya zurma ciki kamar bai ji ka ba. Ka sake, ya sake faɗawa. Da abin ya ishe ka sai ka nufi wurin sharhi, ka amayar da duk abin da ke cikinka, ka ba wasan tauraro ɗaya. Bayan zuciya ta huce sai tambaya ta taso: wai akwai mai karanta wannan kuwa? In ma akwai, me yake yi da shi?

Ana karantawa, musamman a ƙananan kamfanoni masu cin gashin kansu. Sai dai da wuya a yi aiki da maganarka yadda ka rubuta ta. A wannan babi za mu bi sawunta tun daga barinta yatsanka har ta zama gyara a cikin wasa, ko kuma a ajiye ta gefe, mu ga dalilin kowanne.

Waɗanda ke ɗaya ɓangaren

Manyan wasanni irin su Call of Duty ɗaruruwan ma'aikata ne ke haɗa su, kuma tsakanin mai bugawa da mai tsarawa akwai ofisoshi barkatai. Ƙorafi yakan tsaya a teburin ma'aikacin hulɗa da jama'a, ya zama lamba a rahoton ƙarshen wata. Wasannin da muke magana a kansu ba haka suke ba. Super Meat Boy, wanda ya fito a 2010, mutum biyu ne suka yi shi, Edmund McMillen da Tommy Refenes. Hollow Knight na 2017 ya fito daga Team Cherry, wani ɗan ƙaramin kamfani a birnin Adelaide na Ostireliya, wanda mutum uku ne ginshiƙinsa. Dead Cells kuwa aikin Motion Twin ne a Bordeaux ta ƙasar Faransa, ƙungiyar haɗin gwiwa da ba ta da oga, kowa albashinsa ɗaya da na ɗan'uwansa. A irin waɗannan wurare, wanda ya haƙa ramin da ya hana ka barci shi ne da kansa zai buɗe kwamfuta da safe ya tarar da zagin da ka bar masa.

Ba kirki kaɗai ke sa shi karantawa ba, akwai dole a ciki. Babbar kasuwarsu ita ce Steam, shagon intanet na kamfanin Valve, inda a 2024 kaɗai aka zuba sabbin wasanni sama da 18,000. Ƙaramin kamfani ba shi da kuɗin talla, bakin waɗanda suka riga suka saya shi ne tallarsa. Mai sharhi a Steam zaɓi biyu gare shi: ya ce a saya, ko ya ce kada a saya. Ana tara waɗannan a fitar da kaso, a liƙa kusa da sunan wasan. Idan masu yabo suka gaza kashi 70 cikin 100, sai a yi wa wasan tambarin cewa ra'ayi ya rabu a kansa, masu saye su fara ja da baya. Ga kuma dokar mayar da kuɗi da aka kafa a 2015: muddin ba ka wuce kwana 14 da saye ba, kuma ba ka buga ya kai awa biyu ba, kana iya karɓar kuɗinka. Ke nan wasan da ya ɓata wa mutum rai a awar farko na iya rasa cinikin ɗungurungum.

Mai riga da tela

Mutum ya karɓo ɗinkin sallah, ya saka, ya ji riga na ɗaure shi duk lokacin da ya ɗaga hannu. Ya koma ya ce, "Malam, ka buɗa min ƙirjin nan." Tela mai hankali ba zai ƙaryata shi ba, tunda jikin da ke cikin rigar nasa ne. Amma ba zai ɗauki almakashi nan take ba. Zai ce ya ɗaga hannu ya gani, sai ya gano ƙirji lafiyarsa ƙalau, hammata ce ta matse. Da ya buɗa ƙirji kamar yadda aka umarce shi, da riga ta zama buhu, matsin kuma yana nan daram.

Kowane ƙorafin mai buga wasa kashi biyu ne: abin da ya ji a jikinsa, da gyaran da ya kawo. Kashi na farko kusan kullum gaskiya ne. Na biyu kuwa hasashe ne daga wanda bai ga yadda aka yanka ƙyallen ba.

Mu koma ga tsallen nan da bai yi ba. Mai bugawa ya rubuta, "Maɓallin tsalle ba ya aiki." Mai haɗa wasa ya duba, ya tarar maɓalli lafiya lau. Yawancin waɗannan wasanni suna nuna hoto 60 a cikin sakan guda, kuma abin da ya faru shi ne mutumin ya danna bayan ƙafar jarumi ta bar ƙasa da hoto biyu ko uku. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, yatsa ya motsa, saƙo ya isa na'ura, ɗan lokacin ya wuce. Na'ura ba ta yi kuskure ba. Shi ma mutumin bai yi ƙarya ba, domin a idonsa yana kan ƙasa lokacin da ya danna.

Masu Celeste, wasan hawan dutse da aka yi a Kanada aka fitar a Janairun 2018, sun ɗauki ɓangaren mutum. Idan Madeline, yarinyar da ake sarrafawa, ta wuce bakin dutse, tana da kashi ɗaya cikin goma na sakan da za ta iya tsalle duk da babu komai a ƙarƙashinta. Masu sana'ar sun laƙaba wa wannan rangwame sunan wani dila na katun ɗin Amurka, mai gudu ya wuce bakin dutse bai faɗi ba sai ya dubi ƙasa. Haka kuma in ka yi gaggawar danna tsalle kafin ta dira, wasan zai riƙe maka dannawar, ya aiwatar da ita da zarar ƙafarta ta taɓa ƙasa. In kanta ya kusa bugun kusurwar rufi da ɗan kaɗan, sai a gusar da ita gefe ta wuce. Maddy Thorson, jagorar aikin, ta jero waɗannan dabaru a fili a 2020, mutane da yawa suka sha mamaki. Suna yabon Celeste ne a kan cewa yana bin yatsansu daidai da daidai, ashe yafiya ce ake yi musu a ɓoye sau da yawa a kowane mataki. Babu wanda ya taɓa rubuta sharhi yana neman a ƙara masa kashi ɗaya cikin goma na sakan. Abin da mutane suka iya faɗi shi ne tsalle ya ci amanarsu, sauran aikin na mai haɗawa ne.

"Ya yi wuya" iri-iri ne

Babu ƙorafin da ya kai wannan yawa a wasannin tsalle da na faɗa, kuma babu wanda ya kai shi ruɗarwa, domin mutum huɗu za su rubuta shi kowa da abin da yake nufi.

Na farko hannu yake nufi, wato jarumi ba ya bin umarninsa. Wannan mun gani.

Na biyu hukunci yake nufi. Mutuwar ba ta dame shi ba, abin da ke biyo bayanta ne ya gundure shi: a nuna masa dogon hoton mutuwa, a jira wasa ya sake buɗewa, a mayar da shi can baya ya maimaita minti biyar na abin da ya riga ya iya. Super Meat Boy wasa ne mai tsananin wuya, amma masu shi sun cire ƙidayar rayuka gaba ɗaya, suka gajarta matakai, suka sa jarumi ya dawo nan take bayan ya mutu. In ka ci matakin, sai a nuna maka duk yunƙurin da ka yi a lokaci guda, jarumai da dama suna gudu tare suna zubewa, ɗaya tak ya kai. Mutuwar da ta kamata ta zama baƙin ciki sai ta koma abin dariya. Masu Shovel Knight na 2014 kuwa sun fara tunanin a riƙa sayen zangon da ake dawowa bayan mutuwa da kuɗin cikin wasa. Sai suka lura wanda ya fi bukatar zangon shi ne ɗan koyo, kuma shi ne mafi ƙarancin kuɗi. Suka juya abin: zango kyauta ne ga kowa, gwanin da ya yarda da kansa kuma yana iya fasa shi ya kwashi dukiya, ya ci gaba ba madogara.

Na uku duhu yake nufi. Bai ga abin da ya kashe shi ba. Bos, wato babban maƙiyin mataki, ya kai sara ba tare da wata alama ba, ko launin ƙaya ya saje da na bango. Maganin wannan ba ya taɓa ƙarfin bos ko kaɗan. A sa ya ɗaga hannu na ɗan lokaci kafin ya sara, ko a ƙara wani sauti, ko a sauya launi, shi ke nan.

Na huɗu ne kaɗai ke nufin wuya ta haƙiƙa, shi ma yawanci wurin da aka ajiye ta ne matsalar. Da Spelunky 2 na Derek Yu ya fito a Satumban 2020, har tsofaffin hannu sun yi kuka da matakansa na farko, inda tarkuna da maƙiya suka yi cunkoso. Aka sassauta farkon, aka bar can ciki yadda yake. Haka ta faru da Hollow Knight: Silksong, wanda aka yi shekara shida ana jira kafin ya fito ranar 4 ga Satumba, 2025. Jama'a suka yi ta ƙorafi a kan maƙiya masu cin rai biyu a bugu ɗaya, da nisan hanyar komawa wurin bos, da biyan kuɗi kafin a zauna a wasu kujerun hutu. Gyaran farko da Team Cherry suka fitar ya ɗan rage ƙarfin bos biyu na farkon wasan, Moorwing da Sister Splinter, ya kuma sauke farashin kujerun da na tashoshin tafiya. Sauran wasan aka bar shi da haƙoransa.

Gani ya kori ji

Tunda baki ba ya faɗin komai, masu haɗa wasa sun fi dogara da ido. Tsohuwar hanya ita ce a zaunar da wanda bai taɓa ganin wasan ba, a miƙa masa, a koma bayansa a yi gum. Yin shirun nan shi ne mafi wuya. Kana kallon mutum yana zagaye a ɗaki ɗaya minti uku bai ga ƙofar da ka yi mako kana zanawa ba, bakinka na ƙaiƙayi, amma in ka nuna masa ka ɓata gwajin, domin ranar da wasa ya shiga kasuwa ba ka nan a bayan kowa. Kuma in aka gama ka tambaye shi, da wuya ya ce komai sai "ya yi kyau", saboda kunyar idonka. Kafaɗarsa da ta sauka da tsakin da ya ja sun riga sun ba da amsa.

Yanzu kallon ya faɗaɗa. Masu buga wasa kai tsaye a Twitch da YouTube suna nuna wa mai haɗawa fuskoki da dama a dare ɗaya. Vlambeer, wasu mutum biyu a Holan, sun juya madubin: lokacin da suke haɗa Nuclear Throne, tsakanin 2013 da 2015, su ne suka riƙa nuna aikinsu kai tsaye, masu kallo na tofa albarkacin bakinsu ana cikin yi.

Sai kuma lissafi. Wasa na iya ƙirga inda aka fi mutuwa, da makamin da kowa ke gudu, da matakin da mutane ke kashewa ba su sake dawowa ba. Ko lambobin yabon da Steam ke bayarwa suna nuna kason waɗanda suka kai kowane wuri. In mafi yawan masu saye sun ci bos na biyu, amma 'yan kaɗan suka ci na uku, to akwai katanga a tsakani. Wannan lissafi shi ke magana a madadin mafi yawan jama'a, domin masu rubuta sharhi 'yan tsiraru ne, kuma galibi ko masu tsananin so ne ko masu tsananin fushi. Wanda ya gaji ya tafi ba ya sallama. Sai dai lissafi yana nuna inda aka tsaya ne kawai. Dalilin tsayawar sai an koma ga baki da ido.

Sayar da wasa tun bai nuna ba

A 2013 Steam ta buɗe tsarin Early Access, inda ake sayar da wasa ana kan haɗa shi, mai saye ya san bai kammalu ba. Ƙaramin kamfani ya samu kuɗin ci gaba da aiki, ya kuma samu dubban masu gwaji da ba zai iya ɗauka aiki ba.

Dead Cells ya shiga wannan tsari a Mayun 2017, ya fito cikakke a Agustan 2018. Sébastien Bénard, wanda ya jagoranci tsara shi, ya ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na abin da ya shiga wasan a wannan tsakani daga ra'ayin masu bugawa ya samo asali. Hades na kamfanin Supergiant da ke San Francisco ya fara irin wannan tsari a Disamban 2018, ya kammalu a Satumban 2020. A takardun bayanin gyare-gyarensu har alama suke sawa a gefen duk canjin da ya taso daga shawarar jama'a, kowa ya ga inda maganarsa ta shiga. A 2021 Hades ya zama wasan bidiyo na farko da ya ci kyautar Hugo, wadda aka saba ba marubuta labaran kimiyya da na al'ajabi.

Amma tsarin na da tarko. Waɗanda suka shiga tun farko, bayan shekara guda sun zama gwanaye. Sun haddace kowane bos, komai ya zame musu ruwan sha, kuma su ne suka fi kowa yawan magana. In aka biye musu kaɗai, za a yi ta ƙara wuya har ranar fitowa, sabon shiga ya zo ya tarar da wasan da aka gina wa mutanen da suka yi ɗaruruwan awoyi a ciki. Shi ya sa masu lura ba sa daina neman baƙon ido, wanda bai san komai ba, har zuwa makon ƙarshe.

Ƙofa biyu a gida ɗaya

To idan rabin jama'a na cewa a sassauta, rabi na cewa kul aka taɓa, ina mafita? Amsar da ta fi karɓuwa a shekarun nan ita ce a bar wasan yadda aka nufe shi, a buɗe wata ƙofa a gefe.

Celeste na da Assist Mode. Mai bugawa na iya rage gudun wasan har zuwa rabi, ko ya sa Madeline ba ta gajiya da hawa, ko ya sa ƙaya ba ta kashe ta, ko ya tsallake babi sukutum. Wanda bai so ba, ba zai taɓa ganin bambanci ba. Ko a nan ma sai da ra'ayin jama'a ya gyara wani abu da masu wasan ba su hango ba. Rubutun da ke tarbar mai shiga wannan ƙofa da farko ya nanata cewa wuyar wasan jigo ce a cikinsa. Wasu masu nakasa, waɗanda ba su da wata hanyar bugawa sai wannan, suka ce kalaman na sa su ji kamar abin da suke bugawa ba shi ne na gaske ba. A 2019 aka sake rubutun. Ba a taɓa tsalle ko ɗaya ba, jimloli kaɗan aka canza.

Hades ya bi wata hanyar da God Mode. In ka kunna, ana rage maka zafin bugu da kashi 20 cikin 100, kuma duk mutuwa ana ƙara kashi 2, har ya tsaya a 80. Wasan na sassautawa ne gwargwadon wahalar da ka sha, kai kuma hannunka na ƙara faɗawa, sai ku haɗu a tsakiya. Dead Cells ma ya samu irin wannan ƙofa a 2022, shekara huɗu bayan fitowarsa. Masu Cuphead na 2017 kuwa sun tsaya a rabin hanya: akwai zaɓi mai sauƙi a yawancin faɗace-faɗacensa, amma ba ya kai mutum ga ƙarshen labarin, kuma an daɗe ana muhawara a kan hakan.

Ranar da ake cewa a'a

Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Wasan da ya karɓi kowace shawara zai ƙare bai gamsar da kowa ba, domin shawarwarin na karo da juna. Abin da ke raba gardama shi ne manufar wasan. Mai haɗawa yakan tambayi kansa: wannan abin da ake kuka da shi, shi ne abin da nake so a ji, ko kuwa yana tare hanyar abin da nake so a ji?

Getting Over It na Bennett Foddy, wanda ya fito a 2017, misali ne na ƙarshe. Mutum ne a cikin tukunya yana hawan tsauni da guduma. Babu zango, kuskure ɗaya na iya mayar da kai ƙasa bayan awoyi. Da za a sa masa zango don masu kuka, da babu abin da zai saura, tunda faɗuwar da sake tashi su ne wasan. A Celeste kuwa manufar ita ce ka ji ka ci nasara a kan abin da ka zaci ya fi ƙarfinka, don haka tsallen da ya ƙi fita saboda jinkirin hoto biyu ba ya cikin manufa, cikas ne kawai. Ƙorafi iri ɗaya, amsa biyu, kuma kowacce daidai ce a muhallinta.

Akwai kuma hayaniyar da ba ta shafi wasa ba sam. Wani lokaci jama'a kan yi gangami su zuba sharhin suka saboda fushi da wata magana ko wata yarjejeniyar kasuwanci. Abin ya yi yawa har a 2019 Valve ta fara ware irin wannan ambaliya daga lissafin kaso. Duk da haka ba kowace ambaliya ce ta banza ba. Da Silksong ya fito, sharhin masu karanta Sinanci ya yi ƙasa sosai fiye da na sauran duniya. Babban dalili kuwa fassarar ce ta fito a murɗe, da wuyar fahimta. Mutum uku a Adelaide ba su da yadda za su gane wannan da kansu. Suka amsa laifi, suka yi alkawarin gyara. Akwai abin da mai haɗa wasa ba zai taɓa gani ba, kome ƙwarewarsa, sai wanda ke zaune a inda shi ba ya zaune ya faɗa masa.

In za ka rubuta

Wannan batu na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye. Mai buga wasa a Kano ko Damagaram galibi a wayar Android yake bugawa, mai ƙaramar ma'ajiya, da data ta awo, da caji na lallaɓawa. Wasan kuwa an gwada shi ne a kwamfuta mai ƙarfi, da maɓallai na gaske a hannu. Wasan faɗa a kan gilashin waya wani abu ne daban, shi ya sa da aka kai Dead Cells waya aka ƙara masa zaɓin da jarumi ke kai sara da kansa in maƙiyi ya matso. In wasa na sarƙewa a wayarka, ko yana neman intanet a inda bai kamata ba, ko maɓallan kan allo sun yi wa babban yatsa ƙanƙanta, mai yiwuwa babu wanda ya taɓa gaya wa mai shi.

Sharhin da ke aiki ba ya bukatar tsawo. Faɗi irin na'urarka. Faɗi wurin da abin ya faru, mataki na nawa, gaban wane bos. Faɗi abin da ka yi, da abin da ka zata zai faru, da abin da ya faru. In yana maimaituwa, faɗi yadda za a sake jawo shi, domin matsalar da mai gyara ya iya gani da idonsa ta kusa warwarewa. "Wasan banza ne" ba ya nuna wa kowa inda zai sa hannu. "A mataki na uku, in na yi tsalle kusa da bangon hagu sai in maƙale, sai na kashe na kunna" kuwa aiki ne da za a iya gamawa kafin azahar. Kana iya kawo shawararka, amma ka sa ta a ƙarshe, kuma kada ka ji haushi in aka magance damuwarka ta wata hanyar da ba ita ka faɗa ba. In wani abu ya burge ka, shi ma faɗe shi, domin mai haɗa wasa na bukatar sanin abin da ba zai taɓa ba kamar yadda yake bukatar sanin abin da zai gyara.

Abin da ke gaba

Duk abin da muka tattauna a nan ya shafi wasan da ya riga ya wanzu, ko cikakke ko rabi, wanda mutum ya buga kafin ya yi magana. Amma akwai lokacin da jama'a ke zuba kuɗinsu tun wasa yana zane a takarda. Hollow Knight da Shovel Knight duk da gudummawar jama'a a Kickstarter aka haife su, suka kuma cika alkawari. Mighty No. 9 ya tara kusan dala miliyan 4 a 2013 ta wannan hanya, ya fito a 2016 ya bar masu gudummawa da cizon yatsa. Wanda ya ba da kuɗi tun kafin a aza tubali, wane iko yake da shi a kan abin da za a gina? Kuma me mai haɗa wasa zai yi idan alkawarin da ya ɗauka ya zama shi ne ke cutar da wasan? Wannan shi ne batun babi na bakwai.